Ambulan ta Ashirin da Uku

Geron nan sunan uwarmu gare shi. Katumi ake ce masa a Kukar Maje, don ita ta zo da shi a ƙullin zani ranar da aka kawo ta gidan ubanmu. Gajere ne, zangarniyarsa ba ta da kyan gani, amma tana da gashi, tsuntsu ba ya sauka a kanta, kuma furarsa takan kwana ba ta yi tsami ba. Mutanen gari duk sun koma irin da ake sayarwa a leda. Yayana Lawal shi kaɗai ya rage yana shuka shi, kuma ba don ya fi kowa hankali ba, taurin kai ne kawai irin na gidanmu.

Daminar da ta gabaci wadda nake ba ku labari ba ta yi kyau ba, irin da ya ajiye kwano uku ne. Da sabuwar damina ta ƙarato ya yi binne da kwano ɗaya, ruwa ya sauka sau guda ya ɗauke, tsiron ya ƙone. Ya sake, aka maimaita. Na ukun ya juye shi duka a ƙasa ya kife kwanon. Ya kira ni a waya ya ce, "Hansai, Katumi tana gona gaba ɗayanta. Ba saura a ɗaka."

Na ce, "Ko cikin tafi ba ka rage ba, Yaya?"

Ya ce, "Na rage. Ɓera ya riga ni."

Ni ina da zangarniya ɗaya a ƙasan akwati, wadda ya ba ni shekara biyar da suka wuce da na je gida. Amma ta kallo ce. Ƙwari sun huhhuda ta, in ka girgiza ta gari ke zuba. Ban ma kawo masa maganarta ba.

Ina zaune ne a unguwar Woolwich ta London, a bene hawa na tara, wurin autata Suweiba. Gwiwa ta kawo ni, gwiwa ta ajiye ni. A shekarar aka yi min aikin ta biyun, shi ya sa Suweiba ta ƙi tafiya Kano tare da sauran ma'aikatansu, ta roƙa aka bar ta ta yi aikin daga falo. Teburinta yana jikin taga, kujerata tana bayanta. Wata uku ba abin da nake kallo sai ƙeyarta da allunan kwamfutar da ke gabanta.

Aikin nata na ruwan sama ne. Abu na farko da ta ce in riƙe, saboda kar in je gidan suna a Catford in ja mata zagi, shi ne ba sa yin ruwa. In hadari bai haɗu ba, ba abin da za su iya, sai su sha shayi. Amma wani hadarin yakan haɗu ya tsaya yana shawara. Ɗigon da ke cikinsa ƙanana ne, ba su da nauyin faɗowa. To irinsa suke nema. Ƙaramin jirgi zai shiga ƙarƙashinsa, daidai inda iska ke hawa sama, ya kunna wasu sanduna da aka jera masa a fiffike kamar kyandir. Gishiri ne a ciki. Iskar ta ja hayaƙin ta shigar da shi, ɗigon su taru a jikin gishirin su yi nauyi.

Na ce, "Gishiri yana jan ruwa da damina, kowace mace da ta taɓa barin shi a buɗe ta sani. Don wannan kika yi shekara bakwai a jami'a?"

Ta ce, "Takwas, Inna."

Kullum ƙarfe tara suke haɗuwa a cikin kwamfuta. Da damina agogon nan da na gida ɗaya ne, ba a lissafi. Tun asuba an saki balan-balan a can, ya hau ya shinshino zafi da laimar sama ya aiko. Sai a duba hotunan tauraron ɗan'adam, a ga abin da ke tasowa daga gabas. Daga nan Suweiba ta yanke: yau a shirya jirgi, ko yau kowa ya huta. In ranar shiri ce, a zuba mai, a ɗaura sanduna, a nemi izini wurin masu kula da hanyar jirage, matuƙi ya zauna a inuwar fiffike yana jira. Bayan azahar ita kuma ta zuba wa rada ido, wato na'urar da ke nuna cikin hadari. Akwai sharuɗɗa a rubuce. Wanda ya yi ƙanƙanta ba a taɓa shi, wanda ya tsufa ya fara zubar da kansa ba a taɓa shi, wanda ya yi girma da yawa ma a guje shi, kar a ƙara wa ambaliya ko ƙanƙara ƙarfi. Wanda ya dace kuma ba ya jira. Rabin awa, ya wuce.

Matuƙin Kyaftin Haggai ne, mutumin Kagoro, Hausarsa ta fi ta jikokina na Kano. Kullum kafin su fara sai ya ce, "Mama tana nan? Mama, ya gwiwa?" In ce, "Tana gaishe ka, ɗan nan. Ka ci abinci kafin ka hau?" Ya ce, "Mama, wanda zai shiga ƙarƙashin hadari ba ya cika ciki, sai dai in yana son ya ga tuwon sau biyu."

Yanzu maganar ambulan.

Su waɗanda suka ɗauki nauyin aikin so suke su sani, da gaske gishirin ne ke ƙara ruwa, ko dama hadarin zai zuba abinsa? Shi ya sa ba kowane hadarin da ya dace ake sa wa ba. Rabi a sa, rabi a bari, a auna abin da kowanne ya zubar a gwangwanayen da suka kakkafa a ƙauyuka, a ƙarshen damina a gwada. Kuma ba mutum ke zaɓa ba. Ambulan arba'in ne a jere a cikin jirgi. In Suweiba ta ce wannan hadarin ya dace, Kyaftin ya isa ƙarƙashinsa, sai ya yage ta gaba. Kati kore, ya kunna. Kati ja, ya zagaya ƙarƙashinsa yadda ya saba, ba ya kunna komai. Kuma ba ya faɗa wa Suweiba abin da ya gani. In ta sani, zuciyarta za ta riƙa kai kore wurin hadari mai kyau ba ta ma sani ba, lissafin ya lalace.

Da ta yi min bayani na ce, "Wato mutane na kallon sama da yunwa, ku kuna caca."

Ba ta ji daɗi ba. Ta ce, "Inna, in ba mu tabbatar ba, ko dai a rufe aikin alhali yana da amfani, ko a ci gaba da yaudarar garuruwa ɗari alhali ba shi da shi. Wanne kika zaɓa?"

Na ce na zaɓi a ba ni maganina, lokaci ya yi.

Mai kula da lissafin wani ne Rahman, iyayensa 'yan Bangaladash, shi a nan aka haife shi. Kafin damina ta faɗi ya zo gidan da jakar katuna. Ana buƙatar wanda ba ya cikin aikin ya zuba su a ambulan, ba kuma wanda zai gani. Ya dube ni a kujera da ƙafa a miƙe, ya yi wa Suweiba Turanci, ta yi dariya. Ta ce, "Inna, wai ke ce daidai. Ba kya karatu, ba kya jin Turanci, ba ki da kowa a ofis."

Na ce, "Ki ce masa na gode da yabo."

Aka tura Suweiba kasuwa sayen kifi. Rahman ya zuba katunan a buhun matashin kai ya girgiza, ya juya min baya. Yana miƙo ambulan ta kafaɗa ɗaya bayan ɗaya, ni ina zura hannu in ciro kati, in saka, in liƙe, in miƙa masa. Duk wadda na ba shi sai ya ce, "Thank you, Anti." Sau arba'in. Yaro mai ladabi, Allah ya sani. Abin da bai tambaya ba shi ne sana'ar da na yi kafin gwiwa.

Shekara hamsin ina saƙar faifai. In na ga na wata a kasuwar Maigatari sau ɗaya, zan dawo gida in fitar da shi zare-zare, ja nawa, kore nawa, ina aka juya. Ban yi niyyar riƙe katunan nan ba. Hannuna ne ya saƙa su. Ja biyu, kore ɗaya, ja ɗaya, kore uku, haka har ƙarshe. Da ya tafi na rufe ido na ga faifan a gabana, cikakke, mummuna kuma, don ba mai hankalin da zai jera launi haka.

Ban faɗa wa kowa ba. Ba a tambaye ni ba.

Akwai farin allo a bango, duk ambulan da aka yage Suweiba takan ja layi ɗaya. Layi kuwa ko jahili ya iya ƙirga shi. Sai ya zama ni kaɗai a duk London na san abin da Kyaftin ke yi a ƙarƙashin hadari. Suweiba na cizon biro tana kallon rada, ni ina bayanta ina jan carbi, na san yau zagaye kawai ake yi. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin abin. Tsohuwar da ake ɗaga wa murya a asibiti kamar kurma, ga ta ta fi masu digiri sani.

Ranar wata Alhamis layi ashirin da biyu ne a allo. Shukar Yaya ta kwana goma sha uku ba ruwa. Da safe ya aiko da murya a waya: "Ganye ya nannaɗe. In ya kai Lahadi haka, sai dai a kora awaki ciki. Ki ce wa 'yar taki kawunta na gaisuwa. Jirgin nan nata, ko ba ya sanin hanyar dangi ne?" Yana dariya, amma na san dariyar Yaya tun ina goye.

Suweiba ta ji. Tun farkon damina ta sa wa Kukar Maje ɗan tauraro a taswirarta, wai don in riƙa ganin gida.

Ƙarfe biyu da rabi ta ce wa Kyaftin ya tashi. Na ja kujera kusa. Hadari biyu ne suke tasowa. Ɗaya yana gabas da tauraron, yana tafowa kansa tsaye. Ɗayan yana kudu, kan wani daji na makiyaya, kusa da hanyar da jirgin zai bi. A rada hadari kamar tabon mai yake a ruwa, in tsakiyarsa ta yi ruwan ɗorawa ya nuna. Na garinmu ya riga nuna. Na kudun yana biye da shi, tazarar ba ta fi a sha kofin shayi ba. Dokarsu kuwa wanda ya fara cika sharaɗi shi ake fara zuwa.

Na rufe ido na duba faifaina. Ta ashirin da uku ja ce. Ta ashirin da huɗu kore.

Kun ga inda na tsaya. Ba sai an yage komai ba bisa ƙa'ida ba, ba sai Kyaftin ya yi ƙarya ba. In aka fara da na kudu, ya cinye jar, Katumi ta samu kore. Minti goma sha biyar ne bambancin. Na ce a raina, wa aka cuta? Daji?

Na gyara murya na ce, "Auta, ki fara da na kudun mana."

Ba ta waiwayo ba. "Na arewa ya riga shi."

"Na kudun yana kan hanya. A rage shan mai."

Sai hannunta ya tsaya. Ta danna abin da ke rufe murya kar Kyaftin ya ji, ta juyo da kujerar gaba ɗaya. Ta ce, "Inna, wata biyu kina roƙon Allah hadari ya je Kukar Maje. Yau ya je, kina cewa in kai jirgi daji. Tun yaushe kika damu da man jirgi?"

Na ce, "Tsohuwa ba ta ba da shawara?"

Ta dubi allo, ta dube ni. Idon ubanta gare ta, Allah ya jiƙansa, shi ma haka yake kallon mutum har ya faɗi abin da bai yi niyya ba. Ta ce a hankali, "Kar ki faɗa min. Don Allah, Inna, kar ki faɗa."

Da na yi shiru a nan, wataƙila da ta yi kamar ba ta gane ba. Amma tabon ruwan ɗorawa yana matsowa kan tauraron, ni kuma ina ganin uwarmu tana sussuka a bakin rumbu. Na ce, "Ja ce. Mai bi mata kore. Geron kakarki ne, ba saura a duniya. Ni ban taɓa roƙon ki komai a aikin nan ba."

Ta sa tafin hannu ta rufe fuska. Muryar Kyaftin ta fito, "Suweiba, wanne? Ina mararraba."

Ta buɗe murya ta ce, "Ka nufi arewa, Kyaftin, amma kar ka taɓa ambulan. Ka ba ni minti biyu." Ta ɗauki waya ta kira Rahman.

Na ce, "Me za ki yi?"

"Zan faɗa musu."

"Ki faɗa musu me? Wa ya ji? Ni da ke ne a ɗakin nan."

Ta ce, "Ni na ji."

Turancin da suka yi ban gane ba. Daga nan aka haɗa da babbarsu ta ofishinsu da ke Aldwych, wata mata mai magana kamar tana yanka albasa, sauri-sauri. Ban ji sunana ba, sai Anti, Anti. Suweiba ta yi ta roƙon wani abu, na gane daga yadda take maimaitawa. Daga baya ta ce min roƙo ta yi a bar Kyaftin ya kunna wa hadarin nan kawai, a cire shi daga lissafi. Matar ta ce izinin da aka ba su na gwaji ne, ba ambulan ba sanda, kuma ambulan ɗin da suka rage duk sun mutu tunda akwai wanda ya san cikinsu.

Suweiba ta ajiye waya ta ce, "Kyaftin, an yi cancel. Ka juya."

Ya ce, "Kai, Suweiba! Ina ganin gindinsa fa, baƙi wuluk, a shimfiɗe, lafiyayye. Minti shida na isa."

"Na sani. Ka juya."

Can ya ce, "To. Mama tana nan? Mama, yau na ga garinku ta taga."

Na mayar da idona kan carbina.

Bayan la'asar Yaya ya kira. Ya ce hadari ya taso har kaji sun shiga akurki, suka ji ƙarar jirgi daga kudu, mata suka fara guɗa. Sai ƙarar ta yi nisa. Iska ta zo ta kwashe wa maƙwabcinsa danni, aka yi yayyafin da bai jiƙa rigar mutum ba, shi ke nan. Ya ce, "Ko ya yi ɓatan hanya ne?"

Na ce, "Wataƙila, Yaya."

Washegari Suweiba ta naɗe kwamfutocinta ta tafi Aldwych. An ce daga ranar ba za ta ƙara aiki a gida ba, kuma jirgi ba zai tashi ba sai manya sun zauna an yi sababbin ambulan. Kwana biyar abin ya ɗauka. Ta ajiye min abinci da magani a inda hannuna zai kai, ta ce sai ta dawo. Ba ta yi min faɗa ba. Da ta yi, da na samu abin mayarwa.

Ina zaune ni kaɗai, teburin ba komai sai ƙurar da ta zagaye inda allunan suke. Ƙarfe uku Yaya ya sake kira. Ya ce, "Hansai, ga wani ya taso, ya fi na jiya. Daga gabas, daidai kan kukar. Ki ce wa yarinyar nan yau kam a nuna wa direban hanya."

Na dubi farin allo, layi ashirin da biyu suna nan. Na lissafa ba don ina so ba. Da na kama bakina jiya, da garinmu ya ɗauki ta ashirin da uku, ja. Da na kudu ya ɗauki ta ashirin da huɗu. Da yau ta ashirin da biyar ce.

Kore ce. Ni na saka ta da hannuna.

Wannan ban faɗa wa Suweiba ba, ban faɗa wa Yaya ba. Na riƙe waya a kunne yana ba ni labarin hadarin, yadda ya yi duhu, yadda ya tsaya, yadda ya fara yagewa ta gefe. Mun fi rabin awa a haka. A ƙarshe ya ce, "Ya wuce." Na ce, "Allah ya kawo wani." Ya ce amin.

Ruwa bai sauka a Kukar Maje ba sai da shuka ta kwana goma sha tara, kuma ranar ba jirgi, da kansa ya zo. Masu irin leda da suka yi shuka a baya-baya wasu sun tsira. Gonar Yaya jigawa ce. Ya bi ta layi-layi bai samu ko tushe ɗaya mai rai ba. Ya sa wake.

Kwanaki muna zaune da Suweiba kamar baƙi a tasha. Gaisuwa, magani, abinci. Ran Asabar tana wanke-wanke, bayanta gare ni, ta ce, "Inna, ko da kore ce, ban san zai zuba ba. Wallahi ban sani ba. Da mun sani, da ba a yi ambulan ba tun farko."

Na ce, "Na ji."

"Rahman ya ce a ba ki haƙuri. Wai laifinsa ne, ya raina ki."

"Ya raina ni da ladabi. Ki ce masa ba komai."

Gaskiya ta faɗa, na sani. Mai yiwuwa ne a ƙona sandunan nan duka hadarin ya wuce abinsa. Na juya maganar ta kowane gefe, tana nan daidai, amma ban ji sauƙi ba.

Da ta fita na ja ƙafa zuwa ɗaki na buɗe akwati. Zangarniyar tana cikin tsohon ɗankwalina. Na murza ta a faranti a hankali, na hure garin da ƙwari suka bari, na tsince masu huda ɗaya-ɗaya. Abin da ya rage bai cika murfin kwalba ba. Na ƙirga ashirin na jera a tsumma mai laima, na rufe, na ajiye a bakin taga inda rana ke leƙowa in ta ga dama. Haka uwarmu take gwada iri kafin ta ba maza. Kullum in yayyafa ruwa, ba na buɗewa.

Rana ta huɗu Suweiba ta dawo daga ofis ta tarar da ni tsaye a taga. Ta ce, "Mene ne wannan?"

Na ce, "Buɗe. Idona ba ya gani sosai."

Idona lafiyarsa ƙalau. Hannuna ne ya ƙi.

Ta ɗaga tsumman, ta sunkuya har gilashinta ya zamo. Ta daɗe. Ta ce, "Ɗaya. Biyu." Ta juya farantin wajen haske. "Uku. Inna, ga na huɗu, ya ɗan fasa."

Huɗu cikin ashirin. Ta ciro waya za ta yi lissafi, na ce ta bari, na riga ta. Abin da ke murfin kwalba zai ba da tushe talatin, in ɓera ya yi haƙuri.

Muka kira Yaya. Na faɗa masa. Sannan ya ce, "Shekara biyar kina zaune a kan iri kamar kaza, ba ki faɗa ba?"

Na ce, "Na zaci ya mutu."

Ya ce bana lokaci ya ƙure. Baɗi, in Allah ya kai mu, ba gona zai kai shi ba. A bayan gida zai sa shi, kusa da rijiya, ya riƙa ba shi ruwa da buta. Yaya ya haura tamanin, daga ni har shi ba wanda ya ce komai a kan baɗin.

Suweiba ta ce Rahman zai tafi Kano ran Talata, daga can Kyaftin ya san mai mota da ke bin hanyarmu. Ta shiga ɗaki ta fito da ambulan fara, ragowar waɗanda aka kawo ranar nan, ta ajiye a cinyata. Na ƙulle geron a ƙyallen ɗankwalin, na saka, na lashi bakin na liƙe. Ta rubuta sunan kawunta a baya da manyan baƙaƙe, ta karanta min.

Na ce, "Ki gaya wa Rahman kar ya girgiza wannan."

Tsiro huɗun kuma ta juye su a robar yogot da ƙasar da ta sayo a kasuwa. Na ce mata gero ba ya yi a garin nan, ba rana. Ta ce ta sani. Suna nan a taga, kullum kafin ta tafi Aldwych sai ta zuba musu ruwa.